Daga Gidan Gem Zuwa Zauren Kiɗa: Yadda Kiɗan Wasannin Bidiyo Ya Ci Gashin Kan Sa

Kwanakin baya ina zaune a shagon wani tela aboki na, sai wayar yaron sa ta yi ƙara. Kafin yaron ya ɗauka, wani dattijo da ya zo karɓar ɗinki ya kama bin karin da baki har ya kai aya. Na ce, "Baba, ashe kai ma ka buga Mario?" Ya ce, "Wane ne Mario kuma, ɗan nan? Ni dai jikoki na ne su ka cika mani kunne da shi." Mutumin bai taɓa riƙe abin buga gem ba, bai san Japan aka yi kiɗan ba, amma ga shi daram a kan sa.

Mai karatu, wannan ba baƙon abu ba ne a wajen mu. Mun san yadda kaset ɗin waƙoƙin fim ke riga fim ɗin shiga kasuwa, mun kuma san mutane da dama da su ka haddace waƙoƙin Indiya ba tare da sun ga finafinan ba. To amma waƙar fim tun asali waƙa ce, da mawaƙi da makaɗi da sutudiyo. Shi kuwa kiɗan wasan bidiyo, wato gem, da ƙarar na'ura ya fara, irin ƙit-ƙit ɗin da agogon hannu ke yi. Yadda aka yi wannan ƙara ta zama abin da mutum zai saya a faifai, ya kunna a mota, ko ya yanki tikiti ya shiga zaure ya zauna tsit ya saurara, shi ne tarihin da na ke so mu bi. Kuma ra'ayi na tun daga farko shi ne: talaucin na'urorin farko ne ya yi wa kiɗan nan gata.

SAUTI HUƊU KACAL

Wasan Pong na kamfanin Atari da ya fito a Amurka a 1972 ba shi da kiɗa, sai 'yar ƙara idan ƙwallo ta bugi sanda. Injiniyan da ya haɗa shi, Allan Alcorn, daga cikin wayoyin da ke na'urar tun farko ya tsamo ƙarar, don babu kuɗin ƙara wasu kayan. A 1978 ne Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito a Japan ya fito da Space Invaders, inda ya sa wasu sautuka huɗu masu kauri su na maimaita kan su, su na ƙara sauri yayin da abokan gaba ke matsowa. Ba za ka kira shi waƙa ba, amma ya na yi wa mai wasa abin da gangar yaƙi ke yi wa mahayi: zuciya sai ta bi kiɗan.

Abin mamaki shi ne tun a shekarar ne ƙarar ta fita daga cikin akwatin wasa. Ƙungiyar makaɗan zamani ta Yellow Magic Orchestra, wadda ta ƙunshi Haruomi Hosono da Yukihiro Takahashi da Ryuichi Sakamoto, ta saka irin ƙarar gidajen gem a faifan ta na farko a 1978. Masu bin harkar fim za su gane Sakamoto, domin shi ne ya zo ya ci kyautar Oska da kiɗan fim ɗin The Last Emperor. A Amurka kuma wasu mutum biyu, Buckner da Garcia, su ka yi waƙar Pac-Man Fever wadda ta kai ta tara a jerin Billboard a 1982. Sai dai waɗannan duk aro ne. Mawaƙa ne ke ɗebo ƙarar su yi ado da ita.

Ranar wanka ita ce 1984, lokacin da Hosono ya fitar da faifai mai suna Video Game Music, wanda ya tattara kiɗan wasannin kamfanin Namco irin su Xevious da Pac-Man da Galaga da Dig Dug. Shi ake lissafawa a matsayin faifan farko da aka sayar na kiɗan gem zalla. Ka lura da abin da hakan ke nufi: a ce akwai mutanen da za su biya kuɗi su ji ƙarar wasa alhali ba wasan su ke yi ba. Wadda ta tsara kiɗan Xevious da Dig Dug mace ce, Yuriko Keino, kuma a Dig Dug ta yi wata dabara, kiɗan ba ya tafiya sai in ɗan wasan na tafiya, da ya tsaya sai kiɗa ya tsaya. Za mu dawo kan matan nan, domin an daɗe ana cin haƙƙin su.

MURYA UKU DA GANGA ƊAYA

Yawancin mu nan Arewa da na'urar Famicom mu ka buɗe ido, ko in ce da jabun ta, waɗanda ake shigo da su daga Asiya da kaset mai alƙawarin wasa dubu tara alhali bai fi goma ba. Ta asalin kamfanin Nintendo ne ya fitar da ita a Japan a watan Yuli na 1983. 'Yar ƙwayar lantarkin da ke ba ta sauti murya biyar gare ta: biyu masu kaifi da ke ɗaukar kari, ɗaya mai taushi da ke riƙe ƙasa, ɗaya mai shuuu da ake mayarwa ganga, sai ta biyar mai ɗaukar guntun sautin da aka naɗa, wadda ba a cika amfani da ita ba da farko saboda cin wuri. Wato dai makaɗa uku da mai ganga ɗaya. Kuma su ɗin ma ba na mai kiɗa ba ne shi kaɗai. Duk sa'ad da ɗan wasa ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, dole a ari murya ɗaya daga cikin kiɗan a yi ƙarar da ita, sannan a maido.

A cikin wannan ƙunci Koji Kondo ya yi aiki. An haife shi a 1961, ya shiga Nintendo a 1984, kuma shekara guda bayan nan, a watan Satumba na 1985, aka saki Super Mario Bros. Wasan dukkan sa, da hotuna da kiɗa da komai, kilobait 40 ne; hoto guda da ka ɗauka da wayar ka yau ya ninka shi sau da dama. Kiɗa shida ya tsara wa wasan. Na filin farko, wanda dattijon nan ya haddace, sai da ya yi ta kallon yadda Mario ke gudu da tsalle ya na sake shi, har karin ya hau kan motsin. Shi ya sa ya ke da ɗan tsalle-tsalle irin na kiɗan Latin Amurka.

Yanzu ka duba matsalar da ke gaban sa. Kiɗan bai fi minti ɗaya da rabi ba kafin ya koma farko, kuma yaro zai ji shi sau ɗaruruwa a yini guda. Babu muryar mawaƙi da za ta rufa masa asiri, babu tarin kayan kiɗa da zai ɓuya a bayan su. Idan karin ba shi da daɗi, a rana ɗaya za a tsane shi. Mai kukuma ko mai gurmi ya san wannan hali, don shi ma tsirkiyar sa ba yawa, dole hannu da kari su yi aikin. Wannan tilas ɗin ce ta sa kiɗan zamanin ya zama abin da za ka iya bi da fito, kuma duk abin da baki zai iya ɗauka, to ya riga ya bar cikin na'ura.

Akwai wani labari da Kondo da kan sa ya bayar game da The Legend of Zelda na 1986. An shirya buɗe wasan da Boléro na Bafaranshe Maurice Ravel, sai dab da gamawa aka gano haƙƙin mallakar sa bai ƙare ba. A dare ɗaya ya haɗa wani madadin sa, kuma shi ne taken Zelda da ake kaɗawa har yau.

Ni kuwa abin da na ke tunawa shi ne rikodar yaya na. Mu kan kara ta a jikin lasifikar talbijin, mu sa ƙanin mu ya tsayar da ɗan wasa a inda ba abin da zai taɓa shi, kowa ya yi shiru, mu naɗi kiɗan a kan wani tsohon kaset. Idan aka ɗauke wuta da dare, batir biyu sun ishe mu. Ba mu san cewa a Japan kamfanoni ne ke yin wannan sana'a ba.

TSOHON DA YA AIKA DA KATI

Mutumin da ya fara ɗaukar kiɗan gem ya kai shi zauren manya shi ne Koichi Sugiyama. An haife shi a 1931, kuma kafin ya san wani abu wai shi gem ya riga ya yi suna wajen tsara waƙoƙin zamani da kiɗan talbijin da na fim. Shigar sa harkar ma kamar almara. Ya sayi wani wasan dara irin ta Japan na kamfanin Enix, ya cike katin jin ra'ayin masu saye ya aika. Ma'aikata su ka ga sunan, su ka ce anya shi ne kuwa? Da su ka tabbatar, sai su ka roƙe shi aiki. Ya na da shekara 55 lokacin da Dragon Quest ya fito a 1986.

Shi ba yaro ba ne mai koyon na'ura. Da kunnen okestira ya rubuta kiɗan, sannan ya matse shi ya shiga murya uku, saboda haka warware shi bai yi wuya ba. A shekarar ta 1986 aka naɗi kiɗan da gogunan Turawa na gaske aka sayar, sannan ranar 20 ga Agusta, 1987, ya tsaya gaban makaɗa a zauren Suntory da ke Tokiyo ya jagoranci taron da ake ɗauka shi ne bikin kiɗan gem na farko da okestira. Yara su ka zo da iyayen su, wasun su ranar su ka fara ganin goge da sarewar Turawa ido da ido. Daga baya har makaɗan London Philharmonic na Landan sun naɗi aikin sa. Gaskiya dai ba ta ɓuya: Sugiyama ya sha suka a ciki da wajen Japan saboda musanta ta'asar da sojojin ƙasar sa su ka yi a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai masu son kiɗan sa da har yau abin ke ci masu tuwo a ƙwarya.

Kishiyar sa a wajen asali shi ne Nobuo Uematsu, wanda aka haifa a 1959. Bai yi makarantar kiɗa ba, da kan sa ya koyi fiyano, kuma a shagon bayar da hayar faifai ya ke aiki a Tokiyo lokacin da aka ja shi kamfanin Square. Final Fantasy na farko ya fito a 1987. A 1994, a kashi na shida, ya yi ƙarfin halin saka wasan kwaikwayo na waƙa sukutum a cikin gem, a na'urar da ba ta iya furta kalma ɗaya ta waƙa. Wani gurnani kawai ta ke yi a madadin murya, rubutu na bi a ƙasa. Duk da haka mutane sun yi hawaye. Idan aka tambaye ni wanda na fi saurare in ina aiki, to shi ne, musamman kiɗan kashi na shida da na bakwai.

SUNAYEN DA AKA ƁOYE

Ga inda tarihin ke da ɗaci. A shekarun 1980 kamfanonin Japan da yawa ba sa barin ma'aikata su sa sunan su na gaskiya a ƙarshen wasa, don gudun kada wani kamfani ya zawarce su. Sai dai laƙabi. Kinuyo Yamashita, ɗaya daga cikin waɗanda su ka tsara kiɗan Castlevania na 1986, a ƙarƙashin sunan James Banana aikin ta ya fita. Manami Matsumae ta Mega Man na 1987 an rubuta ta da Chanchacorin. Yoko Shimomura, wadda ta tsara mafi yawan kiɗan Street Fighter II na 1991, wato kiɗan Ryu da Ken da Guile da duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya sani, an rubuta ta da Shimo-P. Yara miliyoyi sun haddace aikin matan nan ba su san mata ba ne, ba su ma san mutum ne ya zauna ya tsara ba. Duk wanda ya san yadda aka daɗe ana yaba 'yar wasan da ke motsa baki a fim ana mance mai muryar, ya san irin wannan ciwo.

Wanda ya fasa wannan al'ada da ƙarfi shi ne Yuzo Koshiro, wanda tun ya na yaro ya yi karatu a hannun Joe Hisaishi, makaɗin finafinan Hayao Miyazaki. Da ya ke shi ba ma'aikacin kamfani ba ne, aikin kwangila ya ke yi, sunan sa ya fito ɓaro-ɓaro a allon farko na Streets of Rage a 1991. Na'urar Mega Drive ta kamfanin Sega ya yi wa aiki, wadda ƙwayar sautin ta ƙirar Yamaha ce mai murya shida. I, Yamahar dai da fiyanon ta ya riƙe waƙoƙin finafinan mu. Koshiro ya na yawan zuwa gidajen rawa na Tokiyo, sai ya kwaso kiɗan da ake yayi a can ya cusa a kashi na biyu na wasan a 1992. Ka kunna shi yau a lasifika mai kyau, wanda bai sani ba ba zai ce daga kaset ɗin gem ya fito ba.

A Turai kuma kwamfutar Commodore 64 ta 1982 ce ta yi tashe, mai murya uku. Masu kallon ƙwallon Turai, kun san wani kiɗa da ake saki a filin wasa idan an ci, 'yan kallo su na amsawa da o-o-o? Sunan sa Kernkraft 400, na Zombie Nation daga Jamus, 1999. Karin sa daga wani ƙaramin wasa aka ɗauko shi mai suna Lazy Jones na 1984, aikin Baturen Ingila David Whittaker.

Wani lokacin ma tafiyar da'ira ta ke yi. Kiɗan da kowa ke kira na Tetris tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Rasha, Korobeiniki, wadda ta samo asali daga waƙen Nikolai Nekrasov na 1861 a kan wani ɗan koli da budurwar da ke taya hajar sa. Hirokazu Tanaka ya gyara ta don na'urar Game Boy a 1989, sannan a 1992 Andrew Lloyd Webber da Nigel Wright su ka mayar da ita kiɗan rawa da sunan Doctor Spin, ta kai ta shida a jerin waƙoƙin Ingila. Daga ƙauyen Rasha zuwa aljihun yara zuwa gidan rawa.

ZUWAN FAIFAN SIDI

Da PlayStation ta fito a ƙarshen 1994, ƙuncin wuri ya kau. Faifan sidi na ɗaukar kiɗan da aka naɗa a sutudiyo, kuma wasu wasannin, irin su Ridge Racer da Wipeout, in ka saka faifan su a rediyo mai cin sidi ka tsallake layin farko, kiɗan zai fito kamar kowane faifan waƙa. Final Fantasy VII na 1997 ya zo da amshin mutane na gaske cikin Latin a yaƙin ƙarshe, kuma an sayar da kiɗan sa a faifai huɗu. A 1999 Uematsu ya ɗauko mawaƙiya Faye Wong, wadda masu kallon finafinan Hon Kon su ka sani a Chungking Express, ta rera Eyes on Me a kashi na takwas. Faifan waƙar ya sayar da fiye da kwafi 400,000 a Japan, ta kuma zama waƙar gem ta farko da ta ci kyauta a bikin Japan Gold Disc.

Daga nan hanyar ta rabu biyu. Wasu wasannin su ka koma sayen waƙoƙin da ke kasuwa: FIFA 98 da Song 2 ta ƙungiyar Blur, ko Grand Theft Auto: Vice City na 2002 da aka sayar da waƙoƙin gidajen rediyon cikin sa a faifai bakwai. A kashi na huɗu na wannan wasa, 2008, akwai tashar da Femi Kuti ne mai gabatarwa, ana kuma jin Zombie ta mahaifin sa Fela a ciki. Yara da yawa a Turai da Amurka a nan su ka fara jin Fela. Wasu kuma su ka koma kiɗa irin na fim. Michael Giacchino da Medal of Honor na 1999 ya yi suna kafin ya ci Oska da fim ɗin Up. Shi kuwa Gustavo Santaolalla da Oska biyu a hannu ya zo ya yi The Last of Us a 2013.

A nan ne na ke da ƙorafi. Da wuri ya samu, sai kari ya fara ɓacewa. Manyan wasanni da yawa na bayan 2000 sun cika da gangunan yaƙi da gogunan da ke kumbura su na sacewa, su yi maka daɗi lokacin da ka ke wasa, amma ka kashe na'ura ka nemi abin da za ka bi da fito ka rasa. Akwai zakaru, ba na musu. Taken Halo na 2001, aikin Martin O'Donnell da Michael Salvatori, ba ya fita a kai. Amma ba banza ba idan aka je zauren kiɗa, tsofaffin karin nan na murya uku ne ke tayar da mutane tsaye.

Af, kafin in manta. Kiɗan nan da ake ƙwala kiran Mortal Kombat a cikin sa, wanda kowa ke rantsuwa na gem ne, ba a cikin wasan farko ya ke ba. Wasu 'yan Beljiyam ne masu suna The Immortals su ka yi shi, fim ɗin 1995 ya yayata shi.

HAR GABAN ALƘALAI

Sai da aka yi shekara goma sha shida cif bayan taron Suntory kafin a yi irin sa a wajen Japan: ranar 20 ga Agusta, 2003, a zauren Gewandhaus na birnin Leipzig a Jamus, bisa jagorancin Thomas Böcker. A 2004 aka yi na Final Fantasy a Los Anjelis, a 2005 kuma Video Games Live ya fara a Hollywood Bowl da mutum wajen 11,000. Zaurukan da ke kukan matasa sun guje su sai ga su cike. A 2013 masu sauraren tashar Classic FM ta Ingila su ka zaɓi kiɗan Uematsu a matsayi na uku a jerin su na shekara, abin da ya ɓata wa wasu 'yan mazan jiya rai ƙwarai.

Kyautar Grammy ta farko da ta shafi gem da harshen Afirka ta zo. Christopher Tin ya tsara Baba Yetu don wasan Civilization IV na 2005, wato addu'ar Kiristoci da aka sani da Ubanmu, cikin Swahili. Ya sake naɗar ta da ƙungiyar Soweto Gospel Choir ta Afirka ta Kudu a faifan sa, ta ci kyautar a 2011. Sai a 2023 aka ware wa kiɗan gem rukunin sa, inda Stephanie Economou ta fara ɗauka. A shekarar ce kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya saka taken Mario a rumbun sautukan da ƙasar ke adanawa, a 2025 kuma kiɗan Minecraft na Bajamushe Daniel Rosenfeld ya bi shi. Shi wannan na Minecraft kiɗa ne mai sanyi, fiyano jefi-jefi, kuma ɗalibai da dama da shi su ke karatun dare.

Amma abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne daren 23 ga Yuli, 2021, wajen buɗe gasar Olamfik ta Tokiyo. Filin wasa fayau ba 'yan kallo saboda annobar korona, sai 'yan wasan ƙasashen duniya su ka fara shigowa, kuma abin da ya tarbe su shi ne taken Dragon Quest, sai na Final Fantasy, sai na Sonic da sauran su. Ƙasar da za ta iya zaɓar duk kiɗan da ta ga dama ta gabatar da kan ta, ta zaɓi wannan. Sugiyama ya rasu bayan wata biyu, ya na da shekara 90.

To ta ina mai saurare ke samun kiɗan? Shekaru da dama masoya ne ke aikin, su na ciro shi daga tsofaffin kaset su na ɗorawa a intanet, kamar dai yadda mu ka yi da rikodar yaya na. Kamfanoni kuwa wani ya kawar da kai, wani ya sa ƙafar wando ɗaya da su. A 2022 wani shahararren zauren YouTube da ya tara kiɗan Nintendo ya rufe bayan kamfanin ya toshe masa dubban waƙoƙi, a lokacin da babu wata halattacciyar hanya ta sauraren yawancin su. Sai a watan Oktoba na 2024 kamfanin ya fito da manhajar sa ta waya, Nintendo Music, ga masu biyan kuɗin rajista. Har da maɓallin da zai ja maka wasu kiɗan su yi ta juyawa tsawon minti 15, ko 30, ko awa guda, wato abin da ƙanin mu ke yi mana da ya tsayar da Mario a gindin bututu. Da manhajar ta fito, akwai sunan wasa, akwai sunan kiɗa, akwai hoto, akwai tambarin haƙƙin mallakar kamfani. Sunan wanda ya tsara kiɗan ne babu, har na Koji Kondo.